Kin Tsare Ƙofar Jirgi, Kin Bar Ta Babur A Buɗe

Wasiƙar wannan makon daga wata uwa ce a Hotoro. Na ɗan taƙaita ta, amma ga abin da ta ce:

"Assalamu alaikum. Ina da 'ya'ya maza biyu da suka tasa. Babban ya samu aiki a Abuja bara, duk bayan sati biyu yana zuwa gida. Tun ranar da zai tafi na ce masa in ya kuskura ya hau jirgin ƙasan nan na Kaduna da aka taɓa kai wa hari, ban yafe ba. Yaro ne mai biyayya, bai taɓa hawa ba. Ranar Juma'a in ya tashi daga aiki sai ya shiga motar haya, wani lokaci sai ƙarfe ɗaya ko biyun dare yake ƙwanƙwasa mana ƙofa. Kwanan nan ya fara roƙona in janye maganata, wai jirgin ya fi motar aminci. Ƙanensa kuwa yana Jami'ar Bayero, babansu ya saya masa babur saboda kuɗin adaidaita ya yi mana yawa, kullum da shi yake zuwa sabuwar jami'a. Shi ban damu da shi ba tunda yana cikin gari. Da na kai wa babansu maganar jirgin sai ya ce in daina wahalar da kaina, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Don Allah wa ke da gaskiya? Duk daren Juma'a ba na runtsawa."

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya miki su, ya yi musu albarka.

Ba zan yi miki kwana-kwana ba: yaronki na Abuja yana da gaskiya. Sai dai da na gama karanta wasiƙarki ba shi ne ya tsaya mini a rai ba. Wanda ya hana ni sukuni shi ne wanda kika ce ba ki damu da shi ba.

Amma bari mu fara da jirgin, tunda shi ne ya hana ki barci. Tsoronki ba na banza ba ne, kuma ba zan raina shi ba. Ranar 28 ga Maris 2022 da daddare 'yan bindiga suka dasa wa layin dogo bam tsakanin Abuja da Kaduna, suka buɗe wa jirgin wuta. Aƙalla mutum 8 suka rasu, aka kwashe sama da 60 zuwa daji, wasu sai a watan Oktoba suka ga gida. Jirgin bai dawo aiki ba sai Disamba. Duk mun ga hotuna, mun ji muryoyin waɗanda aka kama suna roƙo, kuma babu uwar da ta ji wannan ba ta sa ɗanta a gurbinsu ba. A watan Agustan 2025 ma jirgin ya sauka daga kan layinsa, mutane suka jikkata. Duk wannan ya faru.

To, ga abin da ba a nuna mana a waya. Alƙaluman hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa, wato 'yan Road Safety, sun nuna sama da mutum 5,000 ke mutuwa a titunan Najeriya kowace shekara. Ki raba wannan da kwanakin shekara, zai ba ki wajen mutum 14 kullum. Kullum fa, Hajiya, har da ranar sallah. Wato a kowace wayewar gari titi yana cin rayukan da suka fi waɗanda aka tabbatar an kashe a daren harin jirgin. Kuma wannan lissafin waɗanda jami'ai suka isa wurin suka rubuta ne kawai. Wanda ya faɗi a ƙauye aka kai shi gida aka yi masa sutura, da wanda ya cika a asibiti bayan sati biyu, da yawa ba sa shiga takarda. Shi ya sa ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2018 ya kai kusan mutum 40,000 a shekara a ƙasar nan. Harin jirgi sau ɗaya ya zo da ƙara, duniya ta ji. Titi kuwa ɗauki ɗai-ɗai yake yi, biyu a Kwanar Ɗangora, biyar a Tashar Yari, ɗaya a Kura, sai dai ki ji sanarwar jana'iza a masallacin unguwa.

Kada kuma ki manta dalilin da ya sa mutane suka yi tururuwa zuwa jirgin tun da aka buɗe shi a 2016. Masu garkuwa da mutane ne suka addabi titin Abuja zuwa Kaduna, har manyan mutane da jami'an tsaro suka riƙa ajiye motocinsu suna bin layin tikiti. Abin da kike gudu a jirgi, a kan titin ya fara, kuma da daddare ya fi faruwa. Kin ga ashe hanin da kika yi bai raba yaron da 'yan bindiga ba, sai dai ya ƙara masa da haɗarin mota.

Masana suna da hanyar da suke auna wannan. Ba sa tambayar wane abin hawa ne ya fi kashe mutane a jimla, domin wanda aka fi hawa dole ya fi yawan gawa. Abin da suke tambaya shi ne: in mutane suka yi tafiya mai nisa iri ɗaya, nawa ne ba sa kaiwa gida? Wani malamin jami'a a Amurka, Ian Savage, ya tattara alƙaluman ƙasarsu na shekara goma, daga 2000 zuwa 2009. A kowace tafiyar mil biliyan ɗaya, masu babur 212 ne suka mutu. Masu ƙaramar mota 7. Fasinjan jirgin ƙasa bai kai ko rabin mutum ɗaya ba a lissafin, na babbar bas ma ya fi haka ƙanƙanta. Ki sake duba tazarar: 212, da 7, da ƙasa da 1.

Za ki ce ai can Amurka ne, titinsu ba namu ba, direbobinsu ba namu ba. Haka ne, kuma da a nan aka yi lissafin kowane adadi sai ya haura. Amma jerin ba zai juye ba, saboda abin da ya jera su haka ba dokar wata ƙasa ba ce, halittar jikin ɗan Adam ce da nauyin ƙarfe. Jirgin ƙasa yana da hanyarsa shi kaɗai, ba ya aron hannu, ba ya haɗuwa da tirela a kwana. Mafi yawan waɗanda jirgi ke kashewa ma ba fasinjojinsa ba ne, waɗanda suka shiga gabansa ne a mararraba ko suka baza kaya a kan layi. Babbar mota in ta yi karo da ƙarama, ƙaramar ce ke shan wuya. Mai ƙaramar mota aƙalla akwai ƙarfe kewaye da shi, ƙarfen ya lotse kafin abin ya iso ƙashinsa. Mai babur kuwa ba shi da komai. Ƙwaurinsa shi ne bamba, goshinsa shi ne gilashi.

Yanzu mu zo kan tafiyar daren Juma'ar nan, don ita ce mafi muni a cikin zaɓin da babban yake da shi, kuma ita maganarki ta tura shi. Ki taɓa zuwa tashar Unguwa Uku da asuba ki ga motocin da ke lodin Abuja. Da yawan direbobin nan in sun sauke fasinja da rana ba kwanciya suke yi ba, layi suke shiga su sake lodi su juyo, domin akwai balas ɗin mai mota, akwai mai, akwai cefane. Ba mugunta ba ce, neman halak ne. Amma direban da ya ɗauko ɗanki da magariba mai yiwuwa tun sallar asuba yake kan sitiyari, shayi da goro ne ke riƙe da idonsa. Motar da ke gudun kilomita 120 a awa tana cin mita 33 a daƙiƙa ɗaya. In ya yi gyangyaɗi na daƙiƙa biyu kacal, motar ta yi tafiyar da ta fi mita 60 ba mai tuƙa ta. Ga hanyar tun 2018 ake aikinta, duk inda aka rufe hannu ɗaya aka haɗe masu zuwa da masu dawowa, nan ake taho-mu-gama. Ga tirelar da ta lalace a tsakiyar titi ba fitila ko ɗaya, sai ganyen da yaron mota ya karyo ya jera a kwalta. Da rana direba zai hango ganyen. Da ƙarfe sha ɗayan dare, fitilar wata motar ta dalle masa ido, sai ya ji shi a ƙarƙashinta. In kuma abin ya faru a wannan lokacin, wa zai tsaya a dajin nan ya ɗauki mutum? Da yawa ba bugun ne ke kashe su nan take ba, jinin da ya yi ta zuba ne kafin gari ya waye.

Kada ki ɗauka girman mota shi kaɗai ya isa. A ƙarshen watan Mayun 2025 bas ɗin da ta kwaso 'yan wasan Kano daga gasar wasanni ta ƙasa a jihar Ogun ta faɗa ƙarƙashin gada a wajen Dakatsalle, sama da mutum 20 suka rasu, saura ƙiris su shigo gari. Allah ya jiƙansu. Doguwar tafiya da gajiya ba sa duba girman mota.

Don haka ga shawarata game da shi. Jirgin ba ya zuwa Kano tukuna, a Rigasa yake tsayawa, layin Kaduna zuwa Kano ana kan aikinsa. Amma in ya hau daga tashar Idu ta Abuja zuwa tashar Rigasa ta Kaduna ya rage kusan rabin tafiyarsa ta kan titi, kuma rabin da ya fi tayar da hankali. Sauran ya ƙarasa da mota ido na ganin ido. In lokacin jirgin bai yi daidai da tashinsa daga aiki ba, ya haƙura ya kwana, ya kamo hanya Asabar da sassafe. In ya shiga mota ya nemi kujerar da bel ɗinta ke aiki, ko da zai biya kuɗin mutum biyu ne a gaba don kada a cusa masa wani a gefe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaura bel yana rage haɗarin mutuwa da kusan rabi, kuma na baya ma yana buƙatarsa, don shi ne ke tashi sama ya faɗa kan na gaba ko ya fita ta taga. In direba yana gudun wuce sa'a ya buɗe baki ya yi magana. Mu a nan kunya ke kashe mu: mutum goma a mota kowa gabansa na faɗuwa, kowa yana salati a zuci, amma ba mai cewa "direba, sassauta", wani ma cewa yake a taka. In ya yi magana ba a ji ba, ya sauka a Zariya ya nemi wata, asarar kuɗin mota ba ta kai komai ba.

Akwai kuma wadda za ta yi miki ɗaci. Ki rage masa zuwan. Duk sati biyu yana cin sama da kilomita 800 zuwa da dawowa don ya kwana biyu a gabanki. In ya koma sau ɗaya a wata, kin raba haɗarin biyu ba tare da kin kashe ko sisi ba. Ga waya, kuna ganin juna ta bidiyo. Na san ba daidai yake da ki zuba masa tuwo ki ga yana ci ba, amma ki gwada.

To, sai ƙaramin.

Daga Hotoro zuwa sabuwar jami'a gari guda yake ratsawa, daga gabas zuwa yamma: titin Maiduguri, Dangi, ya bi ta Kabuga ya miƙe titin Gwarzo. Wajen kilomita 20 ne, zuwa da dawowa 40. A sati biyu na karatu ya yi 400. Wato wanda kike cewa yana cikin gari yana cin kusan rabin tafiyar da yayansa ke yi, a kan abin hawan da a lissafin nan na Amurka ya ninka mota haɗari fiye da sau 20. Gaskiya ne gudun cikin gari bai kai na babbar hanya ba, wannan yana rage wani abu. Amma cikin gari ne ake da mai adaidaitan da zai yanko gabanka ba sigina don ya hango fasinja, da mai motar da zai buɗe ƙofa bai duba ba, da tifar yashi, da yaron da zai fito da gudu daga lungu, da ramin da ruwan sama ya rufe. Ban tambaye ki ko yana sa hular kwano ba, domin na san amsar. Ki tsaya a danjar Kabuga minti biyar ki ƙirga masu babur, ki ga nawa ne a cikinsu ke da ita.

Bari in ba ki labarin da ya sa ba na iya yin shiru a kan wannan. Ɗan yayata yana da shekara 22 lokacin. Ya fito daga gida zai kai saƙo, tafiyar da ba ta kai ta minti goma ba. Mai adaidaita ya tsaya masa kwatsam, ya kauce, tayar gaba ta zame a kan yashi. Ba gudu yake ba, waɗanda suka gani sun shaida. Gefen kansa ya bugi bakin kwalbati. Ya tashi da kansa, ya karkaɗe rigarsa, ya tayar da babur ɗin, har yana ba mutane haƙuri. Da ya dawo gida abin da muka gani kawai ƙujewa ce a gwiwar hannu, uwarsa ta shafa masa man zafi. Bayan isha'i ya ce kansa na sarawa, ya yi amai sau biyu, ya kwanta. Muka ce barci ne, a bar shi ya huta. Allah ya sa ƙanwarsa ta je tashinsa ya sha magani, ta ga ba ya amsawa sai wani irin minshari. A asibiti likita ya nuna mana hoton kan, ya sa biro a kan wani farin wuri kamar ɓarin gwanda, ya ce jini ne ya taru tsakanin ƙoƙon kai da ƙwaƙwalwa yana danne ta, da mun kai safe da sai dai wani ba shi ba. An yi aiki, ya rayu, alhamdu lillahi. Amma yau shekara shida ke nan, in zai yi magana sai ka jira shi ya nemo kalma, karatun da yake yi kuma nan ya tsaya. Har yanzu in na rufe ido ina ganin takalminsa ƙafa ɗaya a bakin gadon asibitin, da jinin gwiwar hannun da muka ɗauka shi ne ciwon.

Shi ya sa nake so ki riƙe wannan, ke da duk mai karantawa: wanda ya bugu a ka, ko ya tashi yana dariya, in ya fara amai, ko ciwon kai mai ƙaruwa, ko barci mai nauyi, ko rikicewar magana, asibiti za a nufa a daren, ba kemis ba, ba gidan mai ɗori ba. Wanda kuma ya faɗi yana kukan wuya ko baya, kada a cicciɓe shi a naɗe a cusa a adaidaita, domin a wajen ɗaukar ne lakar wasu ke tsinkewa. Lambar 'yan Road Safety ta gaggawa 122 ce, ki sa yaran su adana ta.

Kin ga mu in ana maganar haɗari mutuwa kawai muke ƙirgawa. Wanda ya mutu an yi masa addu'a, an yi zaman makoki, an watse. Amma a duniya, bayan mutum miliyan 1.19 da titi ke kashewa a shekara, akwai tsakanin miliyan 20 zuwa 50 da ke jikkata. Duk wanda ya taɓa zuwa dubiya Asibitin Ƙashi na Dala ya san su: samari a jere, ƙafa a rataye, ƙarfe ya huda ƙwauri, ka tambayi wannan ya ce babur, ka tambayi na kusa da shi ya ce babur. Wata shida a kwance, an sayar da fili, an sayar da ɗan kunnen uwa. Kuma a duk duniya ba abin da ya fi haɗarin titi kashe masu shekara 5 zuwa 29. 'Ya'yanki biyu duk suna cikin wannan zangon.

Mu Kanawa muna da tarihi da hular kwano, kuma ba mai daɗi ba. A farkon 2009 da aka ce dole kowa ya sa, sai ga 'yan acaɓa sun kifa ƙwarya a ka sun ɗaure da igiya, aka kuma baza jita-jitar wai ana sa asiri a cikin hular. Aka yi dariya, dokar ta bi ruwa. A Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero, gwamnati ta hana acaɓa a cikin birni. Dalilin tsaro ne ya kawo hanin, amma ya sauke dubban mata da yara daga bayan babur ya mayar da su cikin adaidaita sahu, kuma ni a ganina rayukan da wannan ya tsare ba kaɗan ba ne. Adaidaita ba tsira ba ce. Ƙafa uku gare ta, in ta sha kwana da gudu tana kifewa, ba ƙofa, ba bel, in ta hau titin zobe tana gogayya da tirela kuwa sai addu'a. Amma a cikin gari, da gudunta na kullum, wanda ke zaune a baya ya fi mai babur kwanciyar hankali nesa ba kusa ba. Zaman gefen direba ne ban yarda da shi ba, rabin jikin mutum a waje yake.

Na san abin da za ki ce: kuɗi. Ban manta ba, kuma ba zan ce ku sayar da babur ɗin gobe ba alhali ban san aljihunku ba. Amma ku zauna da babansu ku yi lissafi na gaskiya. Kuɗin mai da gyara na zango guda, a kwatanta shi da kuɗin gado a makaranta, ko ɗakin haɗaka da abokai a Ɗanbare, ko zama wajen dangi in kuna da su a Rijiyar Zaki ko Kabuga. In ya koma kusa, tafiyar kilomita 40 ta zama ta ƙafa. In hakan ba zai yiwu ba, to a sa wa babur ɗin sharaɗi, kuma babansa ne zai sa, tunda shi ya saya. Hular kwano ta gaske, mai nauyi, mai kauri a ciki, wadda ta rufe har haɓa, ba irin ta 'yan gini ba, kuma a ɗaure igiyarta, don wadda ba a ɗaure ba tana tashi kafin kai ya isa ƙasa. Bincike ya nuna tana rage raunin kai da kusan kashi 70 cikin 100. Zai ce zafi, zai ce abokai za su yi masa dariya. Su yi. A mayar da madubin da samari ke cirewa don gayu. Ba goyon mutum biyu, ba waya a kunne, ba kutsawa tsakanin tirela da gefen titi, don direban tirela ba ya ganin abin da ke wajen. In magariba ta yi masa a makaranta ya kwana can. Ranar da aka gan shi ba hula, makulli ya kwana uku a aljihun babansa.

Maganar Alhaji kuwa, ban ce ya yi kuskure ba. Abin da Allah ya rubuta ba makawa. Amma shi ma yana kulle ƙofar gida da daddare, in zazzaɓi ya kama shi yana shan magani. Mutumin da ya tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ko ya saki raƙumarsa ya yi tawakkali, ce masa aka yi ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Sayyidina Umar ma da ya ji annoba ta ɓarke a Sham ya juya da jama'arsa, aka ce masa gudun ƙaddarar Allah kake yi, ya ce e, daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Kada ki kai masa wannan da sigar gardama. Ki bari ya ci abinci ya natsu, ki ce masa hankalinki ya kasa kwanciya da babur ɗin nan, kina neman ya taimake ki. Maza da yawa in aka ce su taimaka sun fi saurin motsawa fiye da in aka ce sun yi kuskure.

Saura magana ɗaya, kuma ita ce mafi nauyi. Kalmar nan ta "ban yafe ba". Na san daga ƙauna ta fito, amma bakin uwa ba abin wasa ba ne, kuma kin ga yadda yaron ya riƙe ta: ya gwammace ya ratsa dajin Kaduna da tsakar dare a motar da bai san direbanta ba da ya taka maganarki. Yaron da ya yi miki wannan ya cancanci ki sauke masa ita. Kada kuma ki ɗauke ta daga kan jirgi ki ɗora a kan babur ɗin ƙanensa, don in ya saɓa wata rana, kuma yaro ne zai iya saɓawa, kin haɗa masa haɗarin titi da fushin uwa. Ki ce musu dai duk wanda ya ɗaura bel, duk wanda ya sa hula, duk wanda ya ƙi tafiyar dare, albarkarki na tare da shi.

Ki kira babban yau, kada ki jira Alhamis ya riga ya shirya jaka. Ki ce masa kin janye, kin yafe, ya nemi tikiti. Ki ce kuma wannan zuwan ya taho wa ƙanensa da hular kwano mai kyau, ko ya ba shi kuɗin su shiga Sabon Gari tare su zaɓo wadda ta zauna masa daidai a ka, domin abin da yaya ya saya ya fi shiga kan ƙane fiye da abin da uwa ta yi faɗa a kai. Allah ya kai su lafiya ya dawo miki da su lafiya, ya ba ki barcin daren Juma'a.